Kwamfutar Baba ta fara magana, kuma ta ƙi buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na saya wa mahaifina kwamfutar hannu mai Android don karanta labarai da kiran ƙannena ta bidiyo. Idonsa ya yi rauni, lambar sirri na ba shi wahala, sai na cire ta gaba ɗaya. Jikoki kuma sun mayar da ita tasu. Shekaranjiya ta fara magana da kanta: duk abin da aka taɓa sai wata murya ta faɗi sunansa, amma ba ya buɗewa. Ta lalace ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, lafiyarta ƙalau. Wani daga cikin jikokin ne ya kunna TalkBack, manhajar da Google ya yi wa makafi. Idan tana kunne, taɓawa ɗaya karantawa ce kawai, sai an taɓa sau biyu da sauri abu zai buɗe, jan shafi kuma da yatsu biyu ake yi. A yawancin na'urori, danne maɓallan ƙara sauti da rage shi tare na daƙiƙa 3 yana kashe ta, kuma ina kyautata zaton ta nan yaron ya kunna. In hakan bai yi ba, ki lallaba da taɓawa bibbiyu zuwa saiti, sashen da aka rubuta Accessibility, wato na sauƙaƙa amfani ga masu matsalar gani ko ji, ki kashe ta a can.

Kada ki fita daga sashen nan. Baba yana gani, rubutun ne ya yi masa ƙanana. Ki ƙara girman haruffa, ki ƙara girman 'yan hotunan manhajoji da ke kan allo, ki sa rubutu ya yi kauri. Akwai kuma Select to Speak: ya zaɓi sakin layi, na'urar ta karanta masa, ba tare da ta sauya yadda ake taɓa allo ba.

Inda ban yarda da ke ba shi ne cire lambar sirri. Imel ɗin Baba na ciki, kuma duk wanda ya samu imel ɗin mutum zai iya sauya kalmar sirrin sauran asusunsa. Ki mayar da makullin yau. In na'urar na karanta zanen yatsa, ki yi masa rajistar yatsu biyu, don zanen yatsun dattawa kan shafe, wani lokaci ɗaya ya ƙi. Duk da haka za ta nemi lamba idan an kashe ta an kunna. Lamba 4 hanyoyin jera ta 10,000 ne, lamba 6 kuwa miliyan 1. Shekarar haihuwa da 123456 ba sa cikin lissafi. Wani kawuna ya sa ta biyun, jikarsa 'yar shekara 6 ta buɗe kafin ya gama yi min fahariya.

Jikoki kuwa, tun Android 5.0 na 2014 ake iya kafe manhaja ɗaya a allo, yadda ba za a fita daga cikinta ba. Ki buɗe musu wasan, ki kafe shi, ki kunna zaɓin neman lamba kafin a cire, in ba haka ba aikin banza ne. Masu iPad, naku shi ne Guided Access. Ku kuma yi hattara da zaɓin iPad da ke goge komai bayan an yi kuskuren lamba sau 10, don yaro mai naci zai kai goman.

Ki rubuta kalmar sirrin asusun Google na Baba a takarda ki adana, da ita za ki nemo na'urar ko ki kulle ta daga nesa ranar da ta ɓace. Kafin ki tashi, ki miƙa masa ita ya buɗe da kansa sau uku kina kallo.