Ninka matiris da lissafin Boole

Ɗan'uwa, ka ce ka ninka matiris (wato jadawalin lambobi mai layukan kwance da na tsaye) biyu na 0 da 1 sai 2 ya fito maka, ko daidai ne? A'a, a lissafin Boole, wanda 0 da 1 kaɗai yake aiki da su, 1+1 yana ba da 1 ne. Ninkawa ta koma "da", tarawa ta koma "ko", layin kwance na matiris ta farko ka haɗa shi da layin tsaye na matiris ta biyu, in dai akwai wuri guda da 1 ya ci karo da 1 to rubuta 1, in babu 0.

Ni da hanyoyi nake nuna ma ɗalibaina, a matiris 1 na nufin akwai hanya tsakanin gari biyu, 0 babu: Damagaram zuwa Tanut 1, Tanut zuwa Agadas 1, in ka ninka matiris ɗin da kanta za ka samu 1 tsakanin Damagaram da Agadas, ko hanya nawa ce 1 ne dai. Amma dan Allah duba, kafin a ninka, yawan layin tsaye na matiris ta farko sai ya yi daidai da yawan layin kwance na matiris ta biyu.