Fitilar okzilari na ta ƙiftawa: in sayi kwantrol bod ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Masta. Ina da Hilux ƙirar 2017 da nake ɗauko doya da ita daga ƙauyukan Ejura da Atebubu zuwa Kumasi. Tun da na ratsa wani rafi da ita a watan Yuni, in na murɗa maɓallin daga H2 (jan ƙafa biyu) zuwa H4 (jan ƙafa huɗu) sai fitilar okzilari, wato giyar da ke sa ƙafafu huɗu su ja, ta yi ta ƙiftawa, ƙafafun gaba kuma ba sa ja. Wani fita, wato makanike, da na kai wa, ko ƙarƙashinta bai leƙa ba, ya ce kwantrol bod ɗin okzilarin ne ya ƙone, in kawo kuɗi a sayo hom-yus, wato wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje. In saya ko in dakata? Daga wani Alhaji a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Ban ce kwantrol bod ba ya mutuwa ba, yana mutuwa, na sha canza shi da hannuna. Amma a irin labarin da ka bayar shi ne na ƙarshe da zan zarga, domin yana zaune ne a cikin gida, bayan dashbod, inda ruwan rafi ba ya kaiwa sai in ya shigo har ƙafar direba. Waɗanda suka sha ruwan suna can ƙarƙashin mota.

Tsofaffin Hilux da sanda ake sa musu okzilari, ƙarfin hannunka ne ke tura giyar. Daga ƙirar 2015 ne aka koma maɓallin murɗawa. Yanzu in ka murɗa, saƙo kawai ka aika wa kwantrol bod, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ke sarrafa okzilari. Ita kuma sai ta ba wa ƙananan injinan lantarki guda biyu wuta, waɗanda muke kira aktuweta: ɗaya a jikin tiransifa, wato akwatin da ke bayan giyabos yana raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, ɗayan a jikin aksil ɗin gaba, shi ne ke haɗa shi da ƙafafu. Kowannensu yana da 'yan makunnai a ciki da ke mayar wa ƙwaƙwalwar da labari cewa an shiga. Muddin labarin bai dawo ba, fitila ba za ta daina ƙiftawa ba. To ka ga, ƙiftawar nan ma alama ce cewa ƙwaƙwalwar ta ji umarninka, tana jiran amsa ne ba ta samu ba.

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, a tabbatar an bi ƙa'idar shiga. H4 yana shiga ana tafiya, in gudun bai kai kilomita 100 a awa ba, sitiyari a miƙe. L4 kuwa, wato giyar ƙarfi mai tafiya a hankali, sai an tsaya cak, a sa firi in mai canza giya da kanta ce, ko a take kuloci har ƙasa in ta hannu ce. A duba tayoyi kuma. Masu ɗaukar kaya sun saba sa manya a baya su bar ƙanana a gaba, ko sabuwa a gefe ɗaya suɗaɗɗiya a ɗayan, wannan kaɗai ya isa ya sa giyar ta ƙi shiga ko ta ƙi fita.

Sai batir. Mota a kashe ya nuna wajen volt 12.6, in tana aiki tsakanin 13.5 da 14.5. Batir mai rauni na iya tayar da inji amma aktuweta ta gaza ƙarasa tafiyarta. Daga nan a duba fis da rile na okzilari.

In waɗannan duk lafiya, a shiga rami. Nan ne aikin yake, Alhaji, kuma nan ne masu gaggawa ke tsallakewa. Yaro ya zauna a ciki yana murɗa maɓalli, fita ya ɗora tafin hannunsa a kan kowace aktuweta ya ji ko tana motsi. A zare soket ɗinsu a haska da tocila. Abin da nake yawan gani bayan damina shi ne wani koren tsatsa a kan haƙoran soket, wani lokaci haƙori ɗaya ya riga ya cinye ya karye a ciki. A bi ɗan siririn tiyon da aktuweta ke shaƙar iska da shi, domin in ya tsage ko ya fice, ta nan ruwa ke shiga. Na taɓa buɗe ta gaba a wata mota da ke irin hanyarka, ruwa ya zubo launin koko, giris ɗin ciki ya koma taɓo, 'yan tagullan da ke gogar juna sun yi kore shar. Mai motar ya riga ya sayi kwantrol bod har biyu kafin ya zo wurina. Na farkon da aka cire masa lafiyarsa ƙalau. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kuɗin da ya zubar ya fi ƙarfin gyaran nesa ba kusa ba.

A sa mata kwamfuta, amma ba kowace kwamfuta ba. 'Yan ƙananan nan masu araha inji kawai suke karantawa, su ce maka babu matsala alhali ba su ko gaisa da ɓangaren okzilari ba. A nemi mai karanta dukkan sassan mota. Lambar U0102, a motar da ta fito da ita, ma'anarta an daina jin muryar ƙwaƙwalwar tiransifa, kuma yankewar waya ko ƙonewar fis na kawo ta kamar yadda mutuwar ƙwaƙwalwar ke kawo ta.

Yaushe ke nan zan yarda ƙwaƙwalwar ta mutu? Sai na je bakin soket ɗinta na tabbatar wuta na isowa, wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota kuma tana kamawa sosai. Ba na gamsuwa da mita kaɗai a nan, domin waya mai sauran zare ɗaya na iya nuna volt 12 a mita amma ta kasa ɗaukar nauyi. Ƙwan fitilar gaba nake jonawa, in ya haska tar, to layin na da ƙarfi. Wannan gwajin na wayoyin wuta ne kawai, kada a kuskura a soka shi a wayoyin da kwamfutocin mota ke magana da juna. Su da mita ake auna su: a cire batir, a auna tsakanin rami na 6 da na 14 a soket ɗin da ake jona kwamfuta, a sami wajen om 60. In wuta na shiga, saƙon maɓalli na isowa, wayoyi zuwa ƙasa ba su yanke ba, aktuweta na juyawa in an ba ta wuta kai tsaye, amma ƙwaƙwalwar ta ƙi fitar da komai, to shi ke nan, ta tafi. Sau da yawa in ka buɗe murfinta hancinka ma zai gaya maka.

Ko a nan kada a yi saurin jona wata. A tambayi abin da ya kashe ta. Aktuweta da ta cije tana jan wuta fiye da kima, in ba a gyara ta ba za ta cinye sabuwar kamar yadda ta cinye tsohuwar. Walda a jikin mota ba a cire batir ba, jona batir a juye wajen tayar da mota, ruwa mai ɗiga ta gefen gilashin gaba, duk suna yi.

Wajen saye, ko a Suame Magazin ko a Abossey Okai ta Accra, ka tafi da tsohuwar a hannu a gwada lambar da ke jikin takardarta harafi da harafi. Kamannin soket ba hujja ba ne, ta mai giyar hannu da ta mai canza giya da kanta na iya bambanta. In hom-yus ce, ka duba haƙoranta ko akwai alamar ruwa, kuma ku yi magana da mai shago a gaban shaida cewa in ba ta yi ba za ka mayar. A cire kan batir na nagetif kafin a zare ko a jona. Wasu motocin, musamman na Amurka na baya-bayan nan, sai an shigar wa sabuwar da bayanan motar ta kwamfuta kafin ta yi aiki, don haka a tambayi mai gyaran wayarin mota ko yana da kayan yin hakan tun kafin a biya.

In an gama, a gwada ta a kan turɓaya ko tsakuwa, kada a yi a kwalta, domin H4 a busasshiyar kwalta na ɗaure furofela, wato sandar da ke kai ƙarfi ga aksil, ya wahalar da tiransifa. A shiga H4, a fita, a tsaya a shiga L4, a fita, sau uku ko huɗu. Daga yanzu kuma, ko da rani ne, ka riƙa sa okzilarin sau ɗaya a wata ka yi 'yar tafiya da shi don kada ya cije, kuma ka ce wa yaran wajen wankin mota su daina harba ruwa mai ƙarfi kai tsaye a kan soket ɗin ƙarƙashi. Game da motarka dai, ka ce a fara buɗe aktuwetar gaba. Allah ya sa a dace, ya ba da kasuwa.