Kafin ka bi su farautar barewa a Wiskonsin

Ɗana, saƙonka ya iso, mun gode Allah da karatu ke tafiya daidai. Ka ce abokin karatunka ya gayyace ka gonar iyayensa farautar barewa, kana tambaya yaya al'adarsu take, kuma ko naman ya halatta gare ka.

Ka amsa gayyatar, don ba kowa suke kira ba. A jihar Wiskonsin ta Amurka kwana 9 ake buɗe wa masu bindiga, daga Asabar ɗin da ke gabanin bikin godiyarsu na watan Nuwamba, kuma dangi kan taru daga nesa saboda shi. Sai dai ka fara da takardu. Duk wanda aka haifa daga 1973 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin koyon farauta kafin ya fita shi kaɗai, kai kuma da kake kan bizar karatu, lasisin farautar ne ke ba ka damar riƙe bindiga a dokar ƙasar. Kada ka taɓa ta kafin lasisi ya shiga aljihunka. Riga mai ruwan lemo ko ruwan hoda mai haske kuwa dole ce, don maharbi ya bambanta ka da dabba.

Abin da tsofaffinsu ke auna mutum da shi shi ne harbi ɗaya. Wanda ya raunata barewa ta ɓace masa a daji ya ji kunya, ko da ba a faɗa masa a fuska ba. Saboda haka jira suke yi sai ta ba su gefe, su saita bayan ƙafar gaba kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji zuwa sama. Nan huhu biyu da zuciya suke. Samari na son harbin kai don a ce sun iya, ni kuwa ban taɓa ganin hikimarsa ba: ƙwaƙwalwar ƙarama ce, kan ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuskure kaɗan sai ka farfasa mata muƙamuƙi ta je ta mutu da yunwa. Idan harsashi ya sauka a tumbi, naman ya ɓaci da ƙazanta, ita kuma ta yi awoyi tana wahala. Bayan ka harba, ka zauna kamar rabin awa kafin ka bi sawun jini, don in ka matsa mata da wuri tashi za ta yi ta ƙara nisa.

Batun harsashi, kada ka ɗauki na sojoji mai rufin ƙarfe har baki. Wucewa yake yi kamar allura a tsumma. Ka nemi mai taushin baki, wanda ke buɗewa in ya shiga jiki amma bai tarwatse ba. Da bindiga mai lambar harsashi .308 ko .30-06, harsashi mai nauyin giren 150, wato kusan giram 10, ya wadatar. In bugun bindiga na tsorata ka, .243 da giren 100 ta fi maka, domin ƙaramar da kake saitawa daidai ta fi babbar da ke sa ka runtse ido. Akwai na tagalla zalla, wanda ni na fi so saboda ba ya barin ɓurɓushin dalma a naman da yara za su ci. Jihar Kalifoniya ma ta hana na dalma a kowace farauta tun 2019.

Yanzu addini. Adiyyu ɗan Hatim ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da makamin jifa, sai ya ce masa in ya huda ya ci, in kuwa da faɗinsa ya buge dabbar kada ya ci. Da wannan malamai suka halatta abin da harsashi ya huda ya zubar da jininsa. Ka yi bisimilla lokacin da za ka ja kunama, kuma ka riƙe wuƙa mai kaifi: in ka tarar da sauran rai, yanka ya wajaba, in ka yi sakaci har ta mutu a gabanka ta zama mushe. Ka bari a gwada naman kafin ka ci, domin tun 2002 aka gano cutar ƙwaƙwalwar barewa a jihar.

Za su iya ce maka ku je harbin kayoti, wani dangin dila da ya ɗan fi namu girma. Shi a kowane lokaci na shekara ana farautarsa a can, da .223 ko .22-250 da harsashi mara nauyi, giren 55 ko ƙasa, mai fashewa da wuri don kada ya yi wa fata babbar ɓula. Wannan harsashin kada ka kuskura ka kai shi ga barewa, a kan kafaɗa zai watse. Ni dai ba na harbin abin da ba zan ci ba, sai in yana yi wa tumakin mai gona ɓarna, kuma ka tambaye su hakan tun kafin ku fita.

Ka gaida mutanen gidan, kuma ka kira mahaifiyarka kafin tafiyar, kada ta ji a bakin wani.

Kawunka.