Tambaya da Amsa: Taya biyu a baya ko huɗu, wacce a-kori-kura zan saya don jan kaya mai nauyi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni dai aikina jigilar injinan gona ne da ƙaramar katafila, ina ɗora su a tirela irin mai dogon wuyan nan da ake ƙullawa a tsakiyar bodin a-kori-kura, in na loda komai da komai tirelar da kayanta suna kai wajen tan 9. Yanzu inaso in canza mota, na ga Ford F-350 kala biyu, ɗaya taya ɗai-ɗai a baya ɗaya kuma bibbiyu kowane gefe, kuma mai sayarwa yace min injinsu ɗaya ne duk wacce na ɗauka zata ja. Gaskiya raina yafi kwanciya da mai taya ɗai-ɗai saboda ɗayar tayi faɗi da yawa. Me zaka bani shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mai sayarwar bai yi maka ƙarya ba akan inji, F-350 ɗin duka biyun zaka same su da injin dizal Power Stroke mai lita 6.7, haka Ram 3500 da Cummins ɗinta mai lita 6.7, haka Chevrolet Silverado 3500HD da GMC Sierra 3500HD da Duramax mai lita 6.6, kowanne kamfani yana fitar da kala biyun da inji iri ɗaya. To amma abinda bai gaya maka ba shine a irin aikinka ba inji ne yake fara gazawa ba, tayoyin baya ne da aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin hagu da na dama, kuma nan ne mutane da yawa suke faɗawa, su ga motar tana ja ba gardama sai su ɗauka komai lafiya alhali tayoyin baya sun daɗe da wuce iyakarsu.

Bari in yi maka lissafin da naka lodin. Tirela mai dogon wuya tana sauke wajen kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta akan motar da ke janta, kuma nauyin kusan kacokan akan aksil ɗin baya yake zama. Mu ɗauki kashi 20 kawai, tan 9 ɗinka ya bada kilo 1,800 kenan. Yanzu ka je ka duba gefen tayar, akwai lamba da take nuna nauyin da zata iya ɗauka, tayoyi masu ƙarfi da ake sawa irin waɗannan motoci zaka ga lamba 125, ma'ana kilo 1,650 kowace ɗaya, guda biyu kilo 3,300. Bayan motar ita kanta ba lodi ya riga ya cinye kusan tan ɗaya da rabi. Kaga saura wajen kilo 1,800, daidai da abinda tirelarka zata sauke, tun ba ka shiga ba, yaran motarka basu shiga ba, ba'a saka sarƙoƙi da jak da akwatin kayan aiki da jarkokin mai ba. Ranar da aka ɗan matsar da katafilar gaba kaɗan akan tirelar shikenan ka haura, kuma taya da aka yiwa lodi fiye da ƙima zafi take ɗauka a hankali har ta fashe, yawanci a kan babban titi kana cikin gudu.

Mai taya huɗu a baya kuma, akwai wani abu da ya kamata ka sani, taya in aka jera ta da 'yar uwarta nauyin da aka yarda ta ɗauka yana raguwa, shiyasa zaka ga lamba biyu a jikinta kamar 120/116, ta farko kilo 1,400 in ita kaɗai ce, ta biyu kilo 1,250 in an jera su. Duk da haka huɗu sau 1,250 kilo 5,000 ne, shi aksil ɗin yana da tashi iyakar da bata kai nan ba amma dai ka samu sarari mai yawa wanda mai taya ɗai-ɗai bata da shi. Ga kuma zama a titi, bayanta yana da faɗi kusan mita 2.4 ita kuwa ɗayar wajen mita 2, wannan faɗin da kake ƙi shine yake riƙe ka lokacin da babbar mota ta wuce ka da iska ko ka shiga kwana a gangara tirela tana turo ka daga baya, motar bata yin layi sosai. Sannan in Allah ya kawo tsautsayi tayar baya ɗaya ta fashe akwai ta gefenta da zata riƙe ka har ka samu ka gangara gefe ka tsaya, wallahi wannan kaɗai ya isa dalili ga wanda kullum yana kan hanya da tan 9 a bayansa.

Don haka ni dai a naka aikin mai taya huɗu nace ka ɗauka ba kokwanto. Amma kafin ka biya ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda manne da kamfani ya rubuta nauyin da wannan motar takamaimai zata ɗauka, GVWR shine iyakar nauyin motar gaba ɗaya da lodinta, GAWR kuma iyakar kowane aksil. Da ita zakayi aiki, kar ka bi lambar talla, don ita lambar talla ta motar da tafi kowacce ƙarancin kaya ce, mai ƙofa biyu, kuma kowane ƙari da aka yi mata yana rage abinda zata ɗauka. In da hali ka loda tirelarka yadda ka saba ka kai ta sikelin manyan motoci a auna maka aksil-aksil. Ka kuma tambayi hukumar lasisi ta inda kake, ƙasashe da yawa suna neman lasisin manyan motoci in nauyin mota da tirela ya wuce wani adadi.

Tambaya: Malam ni kuma tirelar dawakai nake ja, ƙarama ce mai ƙullawa a baya wajen bamba, bata wuce tan 3 da rabi, kuma ba kullum ba, sauran ranaku da motar nake zirga-zirga cikin gari. Abokaina suna ta cewa in sayi mai taya huɗu wai tafi lafiya.

Amsa: Ka bar su kawai, mai taya ɗai-ɗai ta ishe ka har da ragi. Irin tirelarka kashi 10 zuwa 15 take saukewa, kilo 350 zuwa 500 da ɗan abu, ko F-250 ko Ram 2500 zata ɗauke shi. Mai taya huɗu in ba lodi tsalle take yi da kai saboda taurin sifirin, fakin wahala, lungu wahala, taya shida zaka riƙa canzawa maimakon huɗu, yawancinsu kuma da dogon bodi mai ƙafa 8 suke zuwa. Kuma tunda dawakai ne nasan kana shiga filaye, a laka da yashi in bayanta ba nauyi tafi saurin kafewa domin tayoyin bayan basa bin sawun na gaba, nasu sawun suke tona.

Tambaya: Ina da mai taya ɗai-ɗai tun tuni, wani makanike yace zai iya sa min ƙarfe a ƙara taya a baya ta koma mai huɗu. Hakan zai sa in ƙara lodi?

Amsa: A'a ɗan'uwa, kar ka ƙara ko kilo ɗaya akan abinda takardar ƙofar ta faɗa. Taya kawai ya ƙara maka, aksil ɗin nan ne dai, bearin ɗin nan ne, sifirin da birki duk na da ne, ita kuwa wacce kamfani ya ƙera da taya huɗu an yi mata waɗannan abubuwan daidai da nauyinta. Ƙarfen da zai sa yana tura tayar waje ya ƙarawa bearin da notuna wahala. In hatsari ya faru kuma 'yan inshora da jami'an hanya lambar kamfani zasu duba, ba ruwansu da yawan tayoyinka.

Su kuma masu mota mai taya huɗu a baya ta asali ina roƙonku ku riƙa duba tayar ciki, ita ake mantawa da ita saboda bakin iskarta yana ɓoye, sai ta sace ba wanda ya lura ta waje ta ɗauke lodin biyu ita kaɗai har ta ƙone. Ku sayi gejin iska mai dogon baki, ku auna da safe kafin tayoyin suyi zafi, ku leƙa tsakaninsu ko dutse ya maƙale, kuma kar a jera sabuwar taya da wacce ta cinye a gefe ɗaya domin wacce tafi tsayi ita zata sha nauyin.