Hukuncin bai wa mai ciwon daji mofin don rage raɗaɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyarmu na fama da ciwon daji, likitoci sun ce ya bazu, sai dai a rage mata raɗaɗi. An rubuta mata mofin, amma yayanmu ya hana, wai ƙwaya ce. Ga shi kullum tana cewa gara mutuwa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya sauƙi, ya sa kaffara ne.

Ku ba ta maganin, halal ne, kuma yayanku ya janye hannunsa. Malaman Malikiyya sun bambanta giya da abin da ke gusar da jin zafi, sun halatta na biyun don larura, kamar banju, wato maganin da ke kashe jin zafi, lokacin yanke gaɓa. Sharaɗi shi ne likita ya ƙayyade adadi, niyya kuma ta zama rage wahala. Ƙara shi don gaggauta ajali kisa ne, ko da ita ta roƙa. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana kashe kai.

Mofin na sha mai saurin aiki akan ba da shi duk awa 4, a kan lokaci. Kuskuren iyalai shi ne jira sai mara lafiya ya fara kuka, alhali zafin da ya riga ya tashi ya fi wuyar kwantarwa. Mofin yana ƙulle ciki, don haka ku nemi maganin sassauta bahaya tun ranar farko. Gyangyaɗin kwanakin farko yakan wuce, amma in numfashinta ya ja baya sosai ko ta ƙi farkawa, ku dakatar da maganin ku nemi likita nan take. Ku kulle kwalbar, saboda yara.

Ta yi salla a zaune ko a kwance, da taimama in ruwa na cutar da ita.

Maganar "gara mutuwa" kuwa, don Allah kada ku ce imaninta ya raunana. Sau da yawa zafi ne ke magana. Hadisin Anas a Bukhari da Muslim ya hana burin mutuwa, sai ya ba da madadi: "Ya Allah ka raya ni matuƙar rayuwa ce alheri gare ni, ka karɓi raina in mutuwa ce alheri gare ni." Ku riƙa karanta mata a hankali, ku saurare ta, ku bar ta ta faɗi wasiyyarta da basussukanta. In zafi ya lafa amma ƙunci da yanke ƙauna suka kai mako 2, ku gaya wa likita, domin ciwon damuwa yana da magani, kuma addu'a ba ta hana shan sa.

Allah ne mafi sani.