Hukuncin Sakin Dagwalon Masana'anta a Cikin Kogi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a wata masana'antar jimar fata, ni ke kula da bututun da ke fitar da ruwan da aka gama aiki da shi. Mai kamfanin ya hana a kunna na'urar tace ruwan saboda tsada, ya ce a riƙa sakinsa cikin kogi da tsakar dare. Da safe nakan ga kifaye sun taso ciki sama, alhali mutanen da ke gangaren kogin suna sha, suna ban ruwan gonakinsu. Shin ina da laifi, kuma albashina halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafa masana'anta halal ne, domin Allah Ya tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe ya ƙera sulke da shi. Amma sakin guba cikin ruwan da jama'a da dabbobi ke sha haramun ne, kuma yana cikin ɓarnar da Allah Ya ce ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, kamar yadda ya zo a Suratur Rum, aya ta 41. Manzon Allah (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudana, ya kuma lissafa yin bayan gida a mashayar ruwa cikin abubuwa uku masu jawo tsinuwa. To, idan wannan ne hukuncin ƙazantar mutum ɗaya wadda ƙasa kan cinye cikin kwanaki, ina ga sinadarin kiromiyam da ake jimar fata da shi, wanda ke kwanciya a cikin laka shekara da shekaru?

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi ba. Shehu Halil ya faɗa a littafinsa Muhtasar cewa alƙali yana hana hayaƙi irin na gidan wanka da wari irin na majema idan suna cutar da maƙwabta, bisa hadisin "babu cuta, babu cutarwa". Lura fa, wari kawai suka gani suka hana, ba su ma kai ga guba ba. Kuma jinkirin bayyanar cutar ba ya sauke alhaki. A Minamata ta ƙasar Japan, wata masana'anta ta daɗe tana zuba ruwa mai ɗauke da sinadarin makuri (zaiba) a teku, kifi ya ɗauka, mutane suka ci, sai a 1956 aka fara tabbatar da cutar da ta lalata musu jijiyoyi, har da jariran da ke cikin uwayensu.

Mafi girman zunubin yana kan mai kamfanin, kuma lamunin abin da ya salwanta na dukiya ko lafiya yana wuyansa. Amma kai ma ba ka kuɓuta ba, domin hannunka ne ke buɗe bututun, kuma babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Wajibi ne ka daina, ka tuba, ka yi masa nasiha cikin ladabi, idan ya ƙi ka sanar da hukumar kula da muhalli, wannan kuwa ba annamimanci ba ne. Albashinka na sauran ayyukan halal ne. Idan ya ce ko dai ka buɗe ko ka ajiye aiki, to ka nemi wani wurin, domin tsoron rasa albashi bai kai matsayin tilascin da ke halatta cutar da rayukan wasu ba. Allah ne Mafi sani.