Boila daga intanet ko daga hannun mai ɗaurawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Birmingham da iyalina, shekara uku ke nan da muka sayi gidan. Boilarmu, wato injin gas mai ɗumama gida da ruwan wanka, ta tsufa, kusan kullum sai ta ɗauke da asuba, ga hunturu ya kawo kai. Wani injiniya ya duba ya ce zai sa mana sabuwa a kan fam 2,700, komai da komai. Da na leƙa intanet sai na ga irinta sak a fam 1,100. Uwargida ta ce in saya kawai, in nemi mai ɗaurawa daga baya. Anya ba cutata mutumin nan yake son yi ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin zarginsa. Fam 1,100 ɗin nan kuɗin abin da ke cikin kwali ne kawai. Bututun da ke fitar da hayaƙi ta bango galibi daban ake sayar da shi. Haka matatar da ke kama tsatsa kafin ta shiga injin, da na'urar daidaita zafin ɗaki, wadda doka ta wajabta sawa tare da sabuwar boila a Ingila tun 2018. Sai wanke bututun radiyetoci, wato ƙarafan da ke ɗumama ɗakuna, da cire tsohuwar a tafi da ita, da aikin yini ɗaya ko biyu. In ka haɗa lissafin, za ka ga ratar ta tsuke ƙwarai.

Ka kuma cire wa ranka cewa wani ɗan'uwa da ya iya gyare-gyare zai ɗaura maka ita a ƙarshen mako. A Birtaniya laifi ne wanda ba ya cikin rajistar Gas Safe ya yi wa mutane aikin gas. Ita ce ta maye gurbin tsohuwar rajista mai suna CORGI a 2009. Kowane injiniya yana da kati mai hotonsa da lamba, a bayan katin an jera irin aikin da aka yarje masa, don wani na murhun girki ne kawai. Ka ce ya nuna maka, ka duba lambar a shafinsu. Ba raini ba ne, sun saba. Shi ne kuma zai sanar da hukuma an yi aikin, a aiko maka da takardar shaida, wadda lauya zai nema ranar da ka tashi sayar da gidan.

Inda na fi jin tsoron shawarar uwargida shi ne ranar da abin ya lalace. A ce wani dare ne a watan Janairu, ruwa ya ƙi zafi, yara sun ƙudundune cikin bargo, allon boila yana ƙyafta wata lamba. Ka kira wanda ya ɗaura, ya ce shi aikinsa lafiya lau, matsalar daga kayan da ka kawo ne. Ka kira masu sayarwa, su ce ai ɗaurin ne bai yi ba. Kai kana tsakiya da waya a kunne. Da a hannu ɗaya ka sayi kaya da aiki, babu inda zai zille, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan ne ma ya sa injiniyoyi da yawa ba sa karɓar aikin boilar da ba su suka kawo ba, masu karɓa kuma sukan ƙara kuɗin hannu.

Ga batun garanti. Kamfanoni irin su Worcester Bosch da Vaillant sukan ba da mafi tsawon garantinsu, shekara goma ko fiye a wasu samfura, idan injiniyan da suka horar ne ya ɗaura. Sharaɗi kuma a yi wa boilar rajista da wuri, a riƙa yi mata sabis duk shekara. Kwana 14 ɗin da doka ta ba mai sayayya ta intanet ya mayar da kaya ba zai yi maka wani amfani ba da zarar an huda bango an jona bututu.

Ka ce irinta ce sak. Ka tabbata? Suna ɗaya yakan zo da kilowat 24 ko 30 ko 35. Gida mai banɗaki biyu, ana wanka nan ana wanke-wanke can, ƙaramar ba za ta ɗauka ba. Wani tsohon gidan ma bututun gas ɗinsa na milimita 15 ne, sabuwar tana son na 22. Hoto a waya ba ya nuna wannan, cinikin biri a sama ke nan.

Ban ce kada ka nemi sauƙi ba. Nemi injiniyoyi uku su zo gidan, kowa ya rubuta maka farashinsa dalla-dalla, har da sunan samfurin da shekarun garanti. Sannan ka fito da farashin intanet ɗin ka ɗora a tebur, ka yi tayi kamar yadda za ka yi a Kantin Kwari. In har ka dage sai ka saya da kanka, to injiniyan ya fara amincewa, shi ya zaɓi samfurin ya rubuta maka jerin kayan, kafin ka danna biya. Kada ka biya kuɗin aiki duka tun ba a fara ba. In kuwa kana tunanin komawa injin ɗumama gida na lantarki mai jawo zafi daga iskar waje, tallafin fam 7,500 da gwamnati ke bayarwa a Ingila da Wales ta hannun mai ɗaurawa mai rajista yake fitowa.

Tambaya: Ni a Jos nake. Ina so in saya wa mahaifiyata hita ta intanet saboda sanyin Disamba. Me zan duba?

Amsa: Allah Ya yi albarka, 'yar'uwa. Wannan kam sayi abinki, ba ta buƙatar mai ɗaurawa. Duba abu biyu a jikinta. Na farko ta zama ta wuta 220 zuwa 240, domin wadda aka yi wa Amurka ta 120 ce, kina jonawa za ta ƙone. Na biyu ƙarfinta: mai wat 2,000 ƙaramin janareta ba zai ja ta ba, kuma a soket ɗin bango ake sa ta, ban da ƙaramar wayar ƙari. Ga tsohuwa na fi son mai siffar radiyeta da mai a ciki, ba ta da jan ƙarfen da zai kama gefen zani. Ki kuma roƙi Hajiya, ranar da aka ɗauke wuta kada a kwana da kaskon garwashi a ɗaki a rufe. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, mai barci ba ya jin shigarta.